Amsa daga Ashaiman: aikin gwamnati iri biyu ne a Gana

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa mu mutanen zango ba ma gaggawar yin barka in an ce yaro ya samu aikin gwamnati, sai mun ji a ina ne. Ba hassada ba ce, yadda ake yanka albashi a nan ne ya koya mana.

Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya da ɗan sanda, tun 2010 aka zuba su a tsanin albashi ɗaya da ake kira Single Spine. Hukumar daidaita albashi da aka kafa a 2007 ce ke zama da ƙungiyoyin ƙwadago a tsayar da ƙari, kowa ya karɓa ko yana so ko ba ya so: kashi 30 cikin ɗari a 2023 bayan sidi, kuɗin Gana, ya faɗi warwas, kashi 10 a 2025. Amma kamfanonin gwamnati masu kasuwanci, irin ECG na wutar lantarki, VRA mai madatsar Akosombo, da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Tema da Takoradi, ba sa kan tsanin. Ƙungiyar ma'aikatansu ce ke ciniki da shugabannin kamfani bisa dokar ƙwadago ta 2003, su fito da nasu albashi da alawus, galibi sama da na malami. ECG kuwa bashi ya kai mata iya wuya, abin da har yau nake mamaki. An kafa hukumar SIGA a 2019 don sa wa kamfanonin gwamnati ido, rancen dala biliyan 3 na IMF a 2023 ya ƙara matsa lamba.

Inda abin ya taɓa mu shi ne, kamfanin da ma'aikacin dindindin ya yi masa tsada sai ya miƙa aikin ga ɗan kwangila. Samarinmu da yawa na Ashaiman, garinmu da ke kusa da Tema, a nan suka faɗa: suna shiga tashar Tema kullum, amma yarjejeniyar ma'aikatan kamfani ba ta san da su ba. 

Shi ya sa in an zo neman aure aka ce yaro yana aiki a tasha, waliyyi kan gyara zama ya ce, “Madalla. Kamfani ne ya ɗauke shi, ko ɗan kwangila?”