Motar rimot ɗina tana tsalle kamar fara

Tambaya: Salam malam, motar rimot gareni mai girma 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), da ta hau gargada sai ta riƙa tsalle, bayanta kuma ya zauna ƙasa, ga mai yana tsiyaya a jikin shokozoba. Na zuba baƙin mai amma ba canji. Daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa, kai baƙin man nan fa shi ya ƙara ɓata lamarin, man silikon ake sakawa a shokozoban, irin mai lambar kauri 30 ko 35. Tsiyayar kuma ƙananan zoben robar dake bakin shokozoban ne suka cinye, ƙurar hunturu tana manne wa sandar dake shiga da fita cikin shokozoban ta riƙa goge su, canza su kawai. In ka zuba sabon man ka motsa fistin sama da ƙasa a hankali sannan ka ajiye shi har kumfar iska ta fita kafin ka rufe, gaggawa anan ce take kada mutane, in iska ta saura tsallen bazai daina ba. Ka mirgina sandar akan gilashi ka gani ko ta lanƙwashe. Zaman bayan kuwa ƙara wa sifirin ƙarfi da zoben dake samansa, dama da hagu daidai.