Dutsen Kufena: birnin yana gindin dutsen, ba a samansa ba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko gaskiya ne akwai tsohon birni a kan Dutsen Kufena na Zariya, kuma ko ya kai a ɗebi ɗalibai tun daga nan Katsina a kai su. Na yi zaman karatu a Samaru, Kufena kuwa yana cikin wuraren da muke zuwa idan zaman ɗaki ya ishe mu, to bari in faɗi abin da na sani.

Tun a gida ka cire wa yaran nan tsammanin ganin gini. Babu soro a can sama, babu hasumiya irin Gobarau tamu, babu ƙofa mai ƙyaure. Ƙaton dutse ne da falale da manyan duwatsu kan juna, sai itatuwa jefi-jefi. Na sha ganin mutum ya hau yana haki, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce, "To ina birnin?" Ai ya baro shi a ƙasa. Ganuwar ƙasa ce aka ja ta zagaye gindin dutsen, ta haɗa da filin noma mai faɗi, ta yadda ko an yi wa gari ƙawanya mutane na da abin sawa a baki. Shi dutsen aikinsa hangen nesa, kuma mafaka ce in abu ya ɓaci. Haka magabata suka yi a Dala ta Kano, haka a Turunku da ke kudu da Zariya. Gindin irin waɗannan duwatsu ba ya rasa ruwa, domin duk abin da ya zuba a kan falale gangarowa yake yi ya taru a ƙasa, ƙasar wurin na da albarka, ga tama a kusa da maƙera ke narkawa. A da can kuma an yi imani iskoki na zaune a kansu, wannan ma ya ƙara musu kwarjini.

Abin da tarihin baka na Zazzau ke faɗi shi ne sarautar ta zauna a Turunku, daga can aka taso zuwa Kufena, sannan birnin Zariya na yanzu ya kafu a gabas da dutsen. Ana danganta wannan ƙaura da zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536 a lissafin jerin sarakunan Zazzau, kuma ana cewa Amina da Zariya 'ya'yan Bakwa ne. A nan ne nake so ka yi hattara da ɗalibanka. Duk tudun ganuwar da ka nuna a wannan yanki, wani zai ce maka ganuwar Amina ce. Amma littafin Tarihin Kano ya kawo Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ka ga tsakanin lissafin biyu akwai fiye da shekara 100. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da suka bi ganuwowin Zazzau sun nuna ba aikin sarki ɗaya ba ne, an yi ta ƙari ne zamani bayan zamani. Mutane sun zauna a wannan yanki suna narka ƙarfe tun kafin a ji sunan Amina. Ni a ganina wannan saɓani shi ne darasin da ya fi amfani ga yaro, ya san cewa tarihi ba hadda ba ne. Ka kuma shirya wa tsokana, don Zage-zagi ba za su bar ka ka wuce ba sai sun tuna maka cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa Katsina da Kano sun biya wa Amina haraji. Sai ka yi dariya ka wuce, rubutacce ne.

In kun isa, kada ku ruga hawa. Ku fara bin gefen gonaki ku nemi ganuwar. A wasu wurare ta zama doguwar kunya kawai, ciyawa ta rufe ta, garma ta ci gefenta, hanyar babur ta ratsa ta. Wanda bai sani ba zai taka ta ya wuce. Ka sa yara su duba ƙasa: za su ga guntayen tukwane, wasu da zane a jikinsu, wani lokaci da baƙin kashin maƙera mai nauyi a hannu. A kan falalen kuma akwai ramuka masu santsi inda aka yi ta niƙa har dutse ya lotsa. Ka sa yaro ya durƙusa ya shafa ɗaya da tafin hannunsa, ya kimanta yawan hatsin da zai ci dutse haka. Su duba, su ɗauki hoto, su mayar da komai inda suka same shi. Abin da ya rage a wurin ba shi da yawa, masu fasa dutse da masu gini na ta matsowa.

Sai kun kai sama sannan abin zai haɗu a ido. Daga can za ku hango birnin Zariya da Wusasa a kusa, da dogon ginin jami'a can Samaru in babu hazo, kuma layin ganuwar da ya ɓace muku a ƙasa zai fito sarai tsakanin gonaki. Shi ya sa ban ba ka shawarar tsakiyar hunturu ba, ƙura na rufe komai. Da damina kuwa dutsen santsi ne da shi, ga duhuwar ciyawa da macizai. Ƙarshen kaka, bayan an yi girbi fili ya buɗe, ya fi. Ku hau da sanyin safiya, don da hantsi ya yi falalen nan zafi yake ɗauka sosai. Silifas ba na hawa ba ne, kowa ya sa kambas, kuma ku tafi da ruwanku da abincinku. Kada ka bar ƙananan yara su yi gaba su kaɗai, akwai gefen da yake a tsaye.

Ku fara gaida mai unguwar wurin, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da wanda ya san hanya, ku kuma sallame shi da abin goro. In makaranta za ta iya rubuta wa sashen nazarin kayan tarihi na jami'ar takarda tun da wuri, samun malami ko ɗalibi ɗaya ya raka ku ya fi duk bayanin da zan yi a nan.

Batun hanya, ta Malumfashi da Funtuwa ake bi a faɗa Giwa da Shika a shiga ta Samaru, ko a zaga ta Kano. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a satin tafiyar, kuma kada dare ya same ku a kanta. Zuwa da dawowa a yini ɗaya da yara wahala ce, gara ku kwana. Da yamma ku shiga birni ku ga ƙofar fadar Zazzau da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, washegari da asuba ku nufi Kufena, kafin azahar kun kama hanyar gida.