Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tallafi Ba Ya Isa ga Mabuƙata a Sudan?

Tambaya: Kullum muna jin ana aika tallafi Sudan, amma yunwa sai ƙaruwa take yi. Ina gizo ke saƙar? Daga wani mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Malam, kuɗin da ake bayarwa bai kai abin da ake buƙata ba, amma babbar matsalar ita ce hanya. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF (wata runduna mai ɗauke da makamai da ke hamayya da su) a Afrilun 2023, ɓangarorin biyu suna tare motocin abinci. Mashigar Adre da ke kan iyakar Chadi, inda ake shigar da tallafi yankin Darfur, ta yi watanni a rufe, sai a Agustan 2024 aka buɗe ta, a watan da aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur.

Abin da ya fi ceto rayuka, a ganina, shi ne ɗakunan girki na unguwa da matasa 'yan sa-kai suka kafa a Khartoum da sauran garuruwa, domin sun san kowane gida kuma suna shiga inda baƙo ba zai iya ba. Ya kamata masu bayarwa su riƙa tura musu kuɗi kai tsaye, su kuma rage yawan takardun da suke nema daga mutanen da ke girki a ƙarƙashin ruwan harsasai.