Riyal Mai Sa Hannun Sarki Faisal: In Cika Kuɗin Ko In Janye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini hoton Sarki Faisal na Saudiyya mai ɗauke da sa hannu, wanda ya dawo da shi daga aikin Hajji a 1974. Kwanan baya wani dillali ya kawo mini takardar riyal goma mai hoton sarkin, da sa hannunsa da biro a gefe, haɗe da takardar shaida mai hatimi. Na gwada sa hannun da wanda ke intanet, na ga sun yi daidai sak. Na riga na ba da kafin alƙalami mai yawa, amma hankalina bai kwanta ba. In cika kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Kada ka ƙara wa dillalin nan ko kwabo, kuma ka nemi abin da ka ba shi tun yau, domin takardar kuɗin da ya kawo maka ta ƙaryata kanta. Faisal bin Abdul'aziz ya hau gadon sarauta a watan Nuwamba na 1964, ya rasu ranar 25 ga Maris 1975, lokacin da ɗan ɗan'uwansa Faisal bin Musa'id ya harbe shi a fadarsa ta Riyad. Takardun riyal da aka yi amfani da su a zamanin mulkinsa ba su ɗauke da hoton kowane sarki. Waɗanda suka fara fitowa da hotonsa an sake su ne a zamanin Sarki Khalid, bayan an riga an binne shi a maƙabartar Al-Ud. Mutum ba zai sa hannu a kan kuɗin da bai fito ba sai bayan rasuwarsa. Sa hannun da ake bugawa a jikin riyal kuwa na ministan kuɗi ne da gwamnan hukumar kuɗin ƙasar.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne inda ka ce sun yi daidai sak. Kusan kullum sai na ji wannan magana daga bakin masu tara kayan tarihi, kuma ita ce take cinye dukiyar mutane fiye da kowace dabara ta 'yan damfara. Ɗauki biro yanzu ka sa hannunka sau biyar a kan takarda ɗaya, sannan ka duba: wani ya ɗan karkata, wani jelarsa ta fi tsawo, wani ɗigonsa ya gusa. Hannun ɗan Adam ba ya maimaita kansa. Idan ka ɗora sa hannu biyu a kan juna a gaban fitila suka haɗu ba tare da ko gashi ya fita ba, to ɗayansu kwafi ne, ko an buga shi da injin ɗab'i, ko an bi sawunsa da alƙalami, ko kuma na'urar sa hannu ce ta zana shi, irin wadda ofisoshin shugabannin ƙasashe suka daɗe suna amfani da ita. Mai damfarar ma daga intanet ɗin da ka duba ya ɗauko nasa samfurin, to ta yaya ba za su yi kama ba? Wanda ya bi sawu yana tafiya a hankali, saboda haka idan ka sa gilashin ƙara girman rubutu za ka ga layin yana rawa, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, tawada ta taru a wuraren da ya tsaya yana duba samfur. Rubutun Larabci na wanda ya saba yana gudu daga dama zuwa hagu, ya yi nauyi a wani wuri, ya sirance inda aka ɗaga alƙalami. Takardar shaidar nan kuma ba ta fi darajar wanda ya rubuta ta ba, kuma kowa ya san ana sassaƙa hatimi a bakin kasuwa cikin awa guda. Na gaji da ganin mutane masu hankali suna sakin jiki don kawai sun ga tambarin Saudiyya na takubba biyu da itacen dabino an buga da ruwan zinariya.

Hoton mahaifinka ya fi wannan riyal ɗin daraja nesa ba kusa ba, domin yana da asali: ka san wanda ya kawo shi da shekarar da aka kawo shi, kuma shekarar ta faɗa cikin mulkin sarkin, 'yan watanni bayan takunkumin man fetur na 1973 da ya ɗaukaka sunansa a duniyar Musulmi. Duk da haka, ka shirya wa yiwuwar cewa sa hannun bugawa aka yi tare da hoton. Karkata shi a hasken taga. Tawadar gaske tana zaune a saman takardar, ƙyallinta ya bambanta da na hoton, kuma sau da yawa bakin biro yakan bar ɗan kwari da ake ji da yatsa ta baya.

Idan akwai wasiƙa tare da shi, duba kwanan wata na Hijira: mulkin Faisal daga 1384 ne zuwa 1395. Duba laƙabi kuma. Jalalatul Malik, wato Mai Martaba Sarki, ake rubuta masa, Khadimul Haramaini kuwa Sarki Fahd ne ya mayar da shi laƙabin hukuma a 1986.

Ina roƙonka kada ka kai hoton shagon kwamfuta a liƙe shi da leda, domin zafin injin yana lalata tawada kuma ba a iya ɓare ledar daga baya. Ka ajiye shi tare da fasfon Hajjin mahaifinka, nesa da rana da laima, sannan ka ɗauki hotonsa gaba da baya ka aika wa Cibiyar Sarki Faisal ta Bincike da Nazarin Musulunci da ke Riyad, wadda aka kafa a 1983, ko Daratul Malik Abdul'aziz mai adana takardun tarihin masarautar, ka nemi su gwada shi da abin da ke hannunsu.