Amsa: Yadda ake kallon tsofaffin finafinan wasan waƙa na Kanton

Ɗan'uwa, ka ce ka kunna ɗaya daga cikin finafinan Hon Kon na shekarun 1950, na wasan waƙa da harshen Kanton (harshen Hon Kon da wani yanki na kudancin Sin), ƙarar kuge ta kore ka. Kugen nan da ganga su ne jagoran kallo: suna sanar da shigowar sarki ko jarumi, suna kuma daidaita takun ɗan wasa. Bi su da kunne, idonka na kan ƙafafu.

Komai ishara ne. Bulala a hannu na nufin ɗan wasa yana kan doki. Dogayen gashin tsuntsu biyu a hula, mayaƙi ke nan. Farin ƙyallen da ya zarce hannun riga kuwa, da shi ake nuna kuka, kunya ko fushi, gwargwadon yadda aka wurga shi.

Fara da Yam Kim-fai, macen da ta shahara da fitowa a matsayin namiji, tare da abokiyar wasanta Bak Sheut-sin. Amma ka tabbatar muryar asali ce. Harshen Kanton, kamar Hausa, yana da karin sauti, waƙar kuma bisa karin kalmomi aka gina ta. Da an ɗora wani harshe, daɗin ya tafi. Kada kuma ka haɗa su da finafinan Huangmei (wani salon wasan waƙa na daban) na kamfanin fim na Shaw, waɗancan da Mandarin, babban harshen Sin, ake rera su.