Amsa: Ko ɗaukewar al'ada ce ta sa ƙashin Inna ya karye da ɗan santsi?

'Yar'uwa, kin ce Inna ta zame a bakin randa, hannunta ya karye, kina tambaya ko ɗaukewar al'adarta na da hannu a ciki. E, akwai alaƙa sosai. Sinadarin istirojin da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa shi ke rage saurin zaizayar ƙashi. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai ya ragu, ƙashi ya riƙa yin laushi a ɓoye, musamman a wuyan hannu, ƙugu da gadon baya. Wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2002 cewa bai wa mata sinadarin haɗe da wani mai suna furojestin yana rage karaya, amma yana ƙara haɗarin gudajin jini da kansar mama, don haka sai da shawarar likita.

Amma ki tambaye ta abu guda: ko tana shan ƙwayoyin ƙiba ko na ciwon gaɓɓai na 'yan talla? Wasunsu ma suna raunana ƙashi. Gwaggona a unguwar Zariya nan Maradi ta yi wata takwas tana shan desametazon, wadda ake kira sha-ka-fashe. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu suka sirance, suga ya hau, daga baya bayanta ya rankwafa. Wallahi har yau abin na min ciwo. In Inna tana shan irinta, kada ta daina rana ɗaya, jiki na iya sarewa. Ku kai kwalin asibiti a rage mata a hankali.