Fatawa: Shin mai gadin kanti yana da ikon kulle wanda ake zargi da sata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni sikiriti ne a wani babban kanti a Abuja, irin wanda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa ya je ya biya a kanta. Akwai wani ɗaki a bayan sito, ba taga, kujerar roba ɗaya ce a ciki. Duk wanda ƙararrawar ƙofa ta yi kuka a kansa, ko na ɗakin kyamara ya ce bai yarda da shi ba, can manaja ya ce mu kai shi, mu karɓe wayarsa, ba zai fita ba sai ya biya kuɗin kayan ninki goma. Wani lokaci har hoto ake ɗaukarsa riƙe da kayan. Kwanan baya mun riƙe wata mai goyo tun la'asar har bayan magariba a kan gwangwanin madara, ashe rasit ɗin yana hannun ɗanta da ya riga ta zuwa mota. Abin ya tsaya mini a rai. Ga shi kuma idan kaya suka ɓace albashinmu ake yanka. Malam, ina iyakata a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da wannan tambaya, don da yawa daga masu sana'arka kaki ya rufe musu ido ba su taɓa yin ta ba.

Gadi sana'a ce ta halal, kuma wanda ka gani da idonka ya ɗauki kayan da aka ba ka amana, kana da ikon riƙe shi. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, gadi Annabi (SAW) ya ba shi na zakkar fidda kai, kamar yadda ya zo a Sahihul Bukhari. Wani ya zo yana ɗibar abinci, ya damƙe shi. To me ya ce masa? Cewa ya yi lallai zan kai ka wurin Manzon Allah. Haka Safwanu ɗan Umayya, a ruwayar Imamu Malik cikin Muwaɗɗa: yana barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare, ya kama shi ya kai shi gaban Annabi (SAW). Duk cikinsu babu wanda ya kafa kotu a inda ya yi kamun. Daga nan malamai suka fahimci cewa kamawa domin kare dukiya kowa na iya yi, amma tsarewa da bincike da hukunci na mai mulki ne da alƙalinsa.

Na san za a kawo mini hadisin Bahazu ɗan Hakim, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum a kan tuhuma sannan ya sake shi. Hadisin hujja ne, amma a duba wa ya yi tsarewar: shugaban al'umma ne kuma alƙalinta. Ko alƙalin ma malamai ba su sakar masa mara ba. Ibnul Ƙayyim, da Ibnu Farhun daga cikin Malikiyya, sun kasa waɗanda ake tuhuma gida uku. Wanda aka sani da mutunci ba a tsare shi, har malaman mazhabarmu suka yi maganar ladabtar da wanda ya jefe shi da zargin. Wanda ba a san halinsa ba ana tsare shi gwargwadon a gano lamarinsa. Wanda ya shahara da ɓarna shi ake tsanantawa. Kai da ke tsaye a bakin ƙofa, mutum ɗari nawa ke wuce ka a yini, a wane gida za ka sa kowannensu? Ba ka san su ba, kuma ba kai aka naɗa ka auna su ba.

Akwai wata ƙissa da nake so manajan naku ya ji. Wasu mutane aka yi wa sata, suka zargi wasu masaƙa, suka kai su wurin Sahabi Nu'umanu ɗan Bashir. Ya tsare su 'yan kwanaki, bai ga komai ba, ya sallame su. Masu kaya suka dawo suna ƙorafi, ya za ka sake su ba duka ba matsi? Ya ce in kuna so in dake su, to. Idan kayanku suka fito shi ke nan, idan ba su fito ba zan rama musu a gadon bayanku daidai abin da na yi musu. Suka ce wannan hukuncinka ne? Ya ce hukuncin Allah ne da Manzonsa. Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito. Wannan fa mai mulki ne, amma ya ƙi taɓa fatar mutum a kan zato. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan ka sa shi yunwa, ko ka ɗaure shi, ko ka dake shi. Saboda haka “na amsa, ni na ɗauka” da aka samu a ɗakin da ba taga, bayan an ƙwace waya, ba iƙirari ba ne. Macen da jaririnta ke kuka za ta amsa laifin da ba ta yi ba don kawai a buɗe mata ƙofa.

Kukan ƙararrawa alama ce, ba shaida ba. Sau nawa mai karɓar kuɗi ke manta cire abin da aka liƙa wa kaya? Alama tana ba ka damar ka ce, Hajiya don Allah a taimaka da rasit, cikin ladabi, a gefe, ba da ɗaga murya ba. Duba jaka a bakin ƙofa ma ba laifi idan an rubuta an manna, domin wanda ya shiga ya shiga ne a kan sharaɗin, kuma mace ce za ta duba mace. Abin da ya wuce haka sai hujja, tunda ƙa'ida ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa.

Dokar ƙasa ma, wadda aikin naka ke ƙarƙashinta, nan ta tsaya. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta yarda a sashe na 20 cewa wanda ba jami'i ba zai iya kama wanda ya yi laifi a gabansa, ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da laifin da ɗan sanda ke kamawa ba tare da waranti ba. Sai sashe na 23 ya ce nan take ya miƙa shi ga ɗan sanda ko ya kai shi caji ofis mafi kusa. Kamfanonin gadi kuwa dokar 1986 ce ke tafiyar da su, hukumar Sibil Difens ke sa musu ido, kuma dokar ta hana su riƙe bindiga. Wato kakinka bai ƙara maka komai ba a kan ikon da mai shago a Wuse yake da shi. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya wajabta kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. In hukuma mai caji ofis an ɗaure ta da wannan igiya, ina ga ɗakin bayan sito?

Ninki goma haramun ne, ba na shakka a kai. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma wanda aka kulle ba shi da daɗin rai. Haƙƙin mai kanti kayansa ne, ko kuɗinsu idan sun lalace. Gaskiya ne Sayyidina Umar ya taɓa ninka kuɗin raƙumar da bayin Haɗibu suka sace suka yanka, yana nan a Muwaɗɗa, sai dai halifa ne ya yanke, ninki biyu ne, kuma a kan maigidan da ya bar su da yunwa ya ɗora. Idan mai kanti ya ga ya karɓi kayansa ya yafe, wannan ya fi, don Annabi (SAW) ya nuna wa Safwanu cewa lokacin yafiya shi ne kafin magana ta kai ga hukuma. Hoto da kaya a hannu kuwa tozarci ne, kuma hukunci ne da ba alƙalin da ya yanke. Idan ya shiga WhatsApp ba mai iya dawo da shi, 'ya'yan mutumin ma sai sun gani.

Batun albashi: kai ɗan ƙwadago ne amintacce, ba a ɗora maka biyan abin da ya ɓace sai in an tabbatar ka yi sakaci ko ha'inci. Yankan da ake muku ba tare da haka ba zalunci ne, kuma na lura shi ke sa masu gadi kallon kowane mai shigowa a matsayin ɓarawo. Amma zaluncin da aka yi maka ba lasin ba ne ka sauke shi a kan wani. Umarnin manaja ma ba zai kare ka ba, don babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma hannunka ne ke murza makullin. Muslim ya ruwaito daga Hishamu ɗan Hakim cewa Allah zai azabtar da waɗanda ke azabtar da mutane a duniya.

Don haka wanda ka gani ƙuru-ƙuru ya ɗauka ya nufi ƙofa, tsayar da shi da ƙarfin da bai wuce buƙata ba, ka kare shi daga masu son ɗaukar doka a hannu, ka bar masa wayarsa ya kira danginsa, kada ka hana shi salla ko ruwa. Daga nan ko mai kanti ya karɓi kayansa ya sallame shi, ko a kira 'yan sanda a take. Ka gaya wa manaja da shugaban kamfaninku wannan, a rubuce in da hali. In sun nace sai ɗakin nan, nemi a sauya maka wurin aiki.

Ita kuwa baiwar Allah mai goyo, haƙƙinta yana wuyanku, kai da manaja da duk wanda ya sa hannu. Istigfari kaɗai bai sauke haƙƙin bawa. Idan an rubuta lambarta a littafinku, kira ta ka roƙe ta gafara, a mayar mata da duk abin da aka karɓa. Idan ba hanyar samunta, ka yi tuba na gaskiya, ka yawaita yi mata addu'a, ranar da ta sake shigowa kantin kuma ka riga ta yin sallama.

Wallahu a'alam.